Yadda ake shigar da aikin buɗaɗɗiyar manhaja cikin Google Summer of Code, daga neman shiga har rufe shekara

Duk lokacin da Janairu ta kama sai wani ya turo min saƙo: "Malam, muna da manhaja, muna so mu shiga GSoC (wato Google Summer of Code), ta ina za mu fara?" Na amsa tambayar nan sau ba adadi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya kowa ya samu. Na riƙe admin ɗin ƙungiyarmu a shirin nan shekaru da dama, na jagoranci ɗalibai, an taɓa ƙin ɗaukarmu, an kuma ɗauke mu, to abin da zan faɗa nan duk abin da hannuna ya taɓa ne.

Ga wanda bai san shirin ba: Google ce ta fara shi a 2005. Ita ke biyan mai koyo alawus, ku kuma naku shi ne ku kawo aikin da zai yi da mutumin da zai riƙe hannunsa har ya gama. Daga 2022 ba sai ɗan makaranta ba, duk sabon shiga harkar buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kod ɗinta ke a fili kowa na iya gani ya gyara) da ya kai shekara 18 zai iya nema, amma ni zan ci gaba da cewa ɗalibi don baki ya riga ya saba. Kuma tun yanzu ka cire wa ranka cewa ma'aikaci kyauta za a ba ku. Abin da ake nema a wurinku mutane ne masu lokacin koyarwa, kyawun kod ɗinku yana zuwa ne daga baya.

Abubuwan da za ku tanada

Manhajar da ta riga ta fito, mutane na amfani da ita, a ƙarƙashin lasisin da Open Source Initiative ta amince da shi, irin su GPL, MIT, Apache 2.0 ko BSD. Idan babu fayil ɗin lasisi a ma'ajiyarku, ku tsaya nan ku gyara tukuna. Ba sai kun yi rajista a matsayin kamfani ko gidauniya ba.

Ma'ajiyar kod a fili, GitHub ko GitLab ko makamancinsu, wadda duk wanda ya leƙa zai ga ana motsi a cikinta.

Admin biyu aƙalla, su ne za su riƙa magana da Google, su kuma bi jagorori da tuni.

Jagorori. Zan daɗe a kan wannan a ƙasa.

Wurin hira na fili inda kowa zai iya shigowa ya yi tambaya, Matrix ko Zulip ko IRC ko Discord, wanda dai kuka saba da shi. Kar ku buɗe sabo saboda shirin kawai, zai zama kango.

Rubutaccen bayani kan yadda ake sauke aikin a kafa shi a kwamfuta, da yadda ake turo gyara.

1. Ƙirga jagorori tun Nuwamba ko Disamba

Nan ne yawancin ƙananan ayyuka ke yaudarar kansu. A taro kowa zai ce "ai ni zan taimaka", amma taimako daban, jagoranci daban. Ni abin da nake yi shi ne in bi kowa shi kaɗai in tambaye shi kai tsaye: daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta, za ka iya ware awa huɗu zuwa biyar duk mako? Akwai tafiya, akwai sabon aiki, akwai haihuwa a gidanka a tsakanin nan? Wanda ya ce "za mu gani" ka rubuta shi a matsayin a'a, ba faɗa, ba jin haushi. Makonnin farko ma sukan ci fiye da awa biyar ɗin, saboda lokacin ne ɗalibi ke karo da komai.

Kowane aiki ya samu jagora biyu, babba da mai mara masa baya. Wata shekara jagoranmu ɗaya ya kwanta rashin lafiya ana tsakiyar shirin, da ba don mun sa na biyu ba wanda ya san inda aka kwana, da yaron nan ya faɗi ba da laifinsa ba. Idan mutum uku kacal kuke da su, to aiki ɗaya ko biyu za ku nema, kar ku haɗiyi abin da zai tsaya muku a wuya. Kuma ku sani wanda ya yi jagora a shekara ba zai shiga a matsayin ɗalibi a wannan shekarar ba, don haka idan akwai matashi a cikinku da ke son nema, kar ku sa sunansa cikin jagorori.

2. Rubuta shafin ayyuka

Wallahi idan abu ɗaya za ka ɗauka daga rubutun nan, to wannan ne. Shafin ayyuka shi ne abin da masu tantancewa na Google za su fi dubawa, shi ne kuma abin da ɗalibai za su karanta kafin su yanke shawarar zuwa wurinku ko wucewa gaba. Shekarar da aka ƙi mu, shafinmu layi-layi ne kawai, "inganta saurin manhaja", "gyara fuskar manhaja", ba wanda zai karanta ya san me zai yi ranar Litinin da safe.

Kowane aiki a shafin ya ƙunshi: suna, bayani na sakin layi ɗaya ko biyu kan matsalar da dalilin da ya sa ta dame ku, abin da ake so a gani a ƙarshe, yaren kod da ƙwarewar da ake buƙata, sunayen jagorori, ko mai sauƙi ne ko matsakaici ko mai wuya, sai girmansa. Girma uku ne a shirin: ƙarami kamar awa 90, matsakaici kamar awa 175, babba kamar awa 350. Tsawon da aka saba shi ne mako 12, amma ana iya ja har zuwa mako 22 idan kun daidaita da ɗalibin.

Wajen auna girma ga dabarar da nake bi. In tambayi jagoran, kai da ka san kod ɗin nan ciki da waje, kwana nawa zai ɗauke ka? Duk abin da ya faɗa sai in ninka sau uku ko huɗu, saboda ɗalibin zai fara ne da koyon inda komai yake, ga jiran a duba masa aiki, ga rubuta gwaji, ga bayanin amfani. Aikin da gwani zai gama a mako biyu zuwa uku shi ne daidai ɗalibi.

Kuskure biyu da nake yawan gani. Na farko, a ba ɗalibi aikin da fitowar sabon sigar manhaja ta rataya a kansa. Kar ku yi. In ya makara duk za ku hau kansa, koyo ya koma tashin hankali. Na biyu, a kwaso duk tarkacen da kowa ke gudu a jibga masa. Shi ma mutum ne, yana son abin da zai nuna ya ce ni na yi wannan. Ku zaɓi abin da kuna so da gaske amma ba za ku mutu ba idan bai samu ba, kuma wanda za a iya yanka shi gunduwa-gunduwa ana haɗawa da babban kod a hankali.

Ayyuka huɗu zuwa shida da aka rubuta da kyau sun fi ashirin na jeka-na-yi-ka. Kuma shafin ya zama na bana, kar a liƙo na bara da tsofaffin kwanaki a jiki.

3. Share ƙofar shiga

Ka samo kwamfutar da ba a taɓa kafa aikinku a kanta ba, ko ka buɗe sabuwar na'urar gwaji, ka bi bayaninku layi bayan layi kamar baƙo, kar ka yi amfani da abin da ke kanka. Ranar da na fara gwada haka a namu, a layi na uku na tsaya cak, ashe akwai wani laburare, wato kod ɗin wasu da manhajarmu ke dogara da shi, da kowannenmu ya sa shekaru da suka wuce ya manta, ba a taɓa rubuta shi ba. Ka tuna duk sabon da ya taɓa zuwa ya yi karo da wannan bangon ya juya shiru bai gaya wa kowa ba. Abin ya dame ni sosai ranar.

Bayan nan ku ware ƙananan matsaloli goma zuwa ashirin ku manna musu lakabin good first issue, wato matsalar da ta dace da sabon shiga, kowace da ɗan bayanin fayil ɗin da za a duba. Tsofaffin hannu su daure kar su gyara su, na baƙi ne. Sai ku rubuta gajeren shafi ga masu nema: inda ake hira, abin da kuke so a furofozal (takardar da ɗalibi ke bayyana aikin da zai yi), da sharaɗin cewa sai mutum ya turo faci, wato ɗan gyaran kod, aƙalla ɗaya kafin a duba takardarsa. A nan ne kuma za ku faɗi matsayinku kan amfani da manhajojin AI wajen rubuta kod ko furofozal, ku faɗa ƙarara tun farko, ya fi a zo ana jayayya daga baya.

4. Cike fom ɗin ƙungiya

Ana buɗe wa ƙungiyoyi ne a Janairu a rufe farkon Fabrairu, sai a sanar da waɗanda aka ɗauka wajen ƙarshen Fabrairu. Ranakun suna ɗan motsawa duk shekara, ku duba jadawalin bana. Lokacin rufewa 18:00 ne agogon UTC, ka lissafa da agogon inda kake, kuma kar ka bari sai ranar ƙarshe, intanet ba ta da alƙawari.

Tambayoyin fom ɗin suna zagaye ne kan abu ɗaya: me ya sa kuke son shiga, jagorori nawa kuke da su, ya za ku yi idan ɗalibi ko jagora ya ɓace, ya za ku riƙe mutum bayan shirin ya ƙare. Ku amsa da gaskiya da misali. "Za mu riƙa tuntuɓarsa akai-akai" ba amsa ba ce. Amsa ita ce: ganawa duk mako a rana kaza, gajeren rahoto a fili duk mako, idan an yi kwana uku ba a ji ɗuriyarsa ba admin zai neme shi. Ku rubuta amsoshin a wani fayil tare, kowa ya sa ido, sannan a kwafa cikin fom.

Idan aikinku ƙarami ne ko sabo, ko ba ku da admin biyu masu lokaci, akwai hanya mai sauƙi: ku shiga ƙarƙashin inuwar babbar ƙungiya. Python Software Foundation takan ɗauki ƙananan ayyukan Python, NumFOCUS ma takan yi wa ayyukan kimiyya da sarrafa bayanai haka. Su ke riƙe takardu, ku ku ji da ɗalibai. Suna da nasu sharuɗɗan da nasu wa'adin, don haka ku tuntuɓe su da wuri. Ni shawarata ga duk mai shiga karon farko ke nan, ka koyi tafiyar a bayan wanda ya san hanya.

Idan kuma ba a ɗauke ku ba, ba ƙarshen duniya ba ne, masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Shafin ayyukan nan da kuka wahala a kai bai tafi a banza ba. Akwai Outreachy da ke ƙarƙashin Software Freedom Conservancy, tana yin zango biyu a shekara, Mayu zuwa Agusta da Disamba zuwa Maris, alawus ɗin mai koyo dala 7,000 ne, sai dai a can ana sa ran ƙungiya ta nemo kuɗin aƙalla mutum ɗaya, kuma an tsara ta ne don mutanen da ba su cika samun dama a harkar fasaha ba. Akwai kuma LFX Mentorship na Linux Foundation ga ayyukan da ke da alaƙa da su.

5. Ranar da ruwa ya ɓalle

Ana fitar da sunanku, wurin hirarku da ya saba shiru zai cika maƙil cikin kwana ɗaya. Mutum hamsin za su yi tambaya iri ɗaya: "Sannunku, ina so in ba da gudummawa, me zan yi?" Ku tanadi amsa ɗaya mai ladabi da ke nuna musu shafin masu nema, ku manna ta a sama. Ku raba duti tsakanin jagorori, in ba haka ba mutum ɗaya zai ƙone kafin a fara komai.

Doka ɗaya da ba na sassautawa: ba hira a ɓoye. Duk wanda ya biyo ka ta akwatin sirri da tambayar aiki, ka ce masa ya yi ta a fili. Amsa ɗaya za ta amfani mutum goma, kuma aiki a bainar jama'a shi ne rabin abin da suka zo koya. Banda maganar da ta shafi lafiya ko iyali, wannan kam a keɓe.

Kar kuma ku bar mutum ya "kama" matsala ya zauna a kanta mako biyu. In kwana uku ko huɗu ba motsi, a sake ta ga wani.

6. Zaɓen ɗalibai da neman gurbi

Ɗalibai na miƙa furofozal daga wajen tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, kowa na iya miƙa har uku amma ɗaya za a karɓa masa. Ku ƙarfafa musu su nuna muku daftari da wuri ku yi gyara.

Takarda mai kyau ba ta nufin komai ita kaɗai, musamman yanzu da inji ke iya tsara Turanci mai santsi cikin minti ɗaya. Mun taɓa samun furofozal da ya burge kowa, ga jadawali ga zane, da muka kira mai shi hira ta minti goma sha biyar muka ce ya buɗe facin da ya turo ya gaya mana me layin nan yake yi, sai shiru. A shekarar kuma akwai wata da Turancinta ke da gargada, takardarta shafi biyu, amma an mayar mata da facinta sau huɗu tana gyarawa tana dawowa ba ta yi fushi ba, kuma kowace tambaya ta yi za ka ga ta riga ta gwada wani abu kafin ta tambaya. Ita muka ɗauka. Har yau tana cikin masu duba kod ɗinmu.

To abin dubawa: yadda mutum ke karɓar gyara, ko yana faɗa idan ya maƙale, ko jadawalinsa ya yi daidai da rayuwarsa. Ku tambaye shi kai tsaye kan jarabawa, wani aiki, ko tafiya a lokacin shirin. Mai jarabawa a Yuni ba matsala ba ne idan ya faɗa, sai a tsawaita masa. Matsala ita ce wanda ya ɓoye.

Daga nan admin zai jera furofozal ɗin daga wanda kuka fi so zuwa ƙasa, kowanne da jagoransa a manne, Google kuma ta yanke yawan guraben da za ta ba ku. Tana iya ba ku ƙasa da abin da kuka nema, sabuwar ƙungiya ma kar ta sa ran da yawa. Kar ku jera wanda ba ku gamsu da shi ba don cike lissafi, gurbi babu kowa ya fi gurbi da wanda zai cinye muku wata uku. Kuma bakinku alaikum har ranar da za a sanar a hukumance a farkon Mayu, kar wani jagora ya yi wa ɗalibi albishir ko da da wasa ne. Waɗanda ba su samu ba amma sun yi ƙoƙari, ku rubuta musu saƙo ɗaya-ɗaya, ku ce ƙofa a buɗe take. Wasu daga cikinsu sukan zauna.

7. Makonnin sabawa

Akwai kamar mako uku kafin a fara kod. Mutane na ɗaukarsa hutu, alhali nan ake gina komai. Ku zauna da ɗalibin ku sake yanka jadawalin zuwa abin da za a gani duk mako ɗaya ko biyu, ku rubuta abin da dole ya kammala kafin tantancewar tsakiya (inda jagora ke yanke ko ɗalibi zai ci gaba), ku tsayar da rana da lokacin ganawa da ya dace da agogon kowa. Ku gaya masa da baki, ba sau ɗaya ba: idan ka maƙale fiye da rabin yini, yi magana.

8. Lokacin aiki da tantancewa

Wani ɗalibinmu ya ɓace a mako na uku. Kwana biyar ba saƙo ba faci. Da na same shi ta imel, ashe ba abin da ya faru illa gwajin manhajar ne ke faɗuwa a kwamfutarsa, yana jin kunyar tambaya kar a ce bai iya ba, kullum yana cewa gobe zan gano. Minti ashirin muka yi tare aka warware. Tun daga ranar ba na jiran ɗalibi ya kawo kuka, ni nake zuwa, kuma na daina tambayar "komai lafiya?" don amsar kullum "lafiya lau" ce. Sai in ce nuna min abin da ke kan allonka yanzu.

Ku duba facinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku sa shi ya riƙa turo ƙanana ana haɗawa, kar ku yarda da tarin gyara ɗaya ƙato da za a kawo a makon ƙarshe, irin wannan yawanci ba ya taɓa shiga. Kuma jagora ya daure, kar ya karɓe aikin ya rubuta da kansa don ya fi sauri.

Tantancewa biyu ce, ta tsakiya da ta ƙarshe, kuma biyan alawus a kansu ya rataya. Google ke biyan ɗalibi kai tsaye, adadin kuma ya danganta da girman aikin da ƙasar da yake zaune, ba ruwanku da wannan lissafin. Naku shi ne cike fom a kan lokaci. Admin ya fara tuni tun ranar da aka buɗe, idan jagora bai samu dama ba admin ya cike a madadinsa, don saɓa wa'adi yana ɓata sunan ƙungiya har ya shafi gayyatarku taron jagorori da ake yi bayan shirin.

Maganar kayar da ɗalibi tana da nauyi, na sani, kana sane da cewa kuɗin nan na iya zama babban abu a wurinsa. Amma wanda bai yi komai ba zuwa tsakiya, an yi masa magana a rubuce, an rage masa aiki, bai canja ba, wuce da shi ba tausayi ba ne, rabi na biyu sai ya fi muni. Sharaɗin kawai kar sakamakon ya zo masa ba zato. Mako biyu kafin tantancewa ya san inda ya tsaya da abin da zai yi ya tsira. Wanda kuma ke ƙoƙari aikin ne ya fi yadda kuka auna, wannan kuskuren awonku ne, ku rage aikin ko ku ƙara masa makonni.

9. Rufewa

A ƙarshe ɗalibi zai miƙa mahaɗa ɗaya, wato adireshin intanet, da ke nuna aikinsa: me aka yi, me ya shiga babban kod, me ya rage. Ku duba ta kafin ya miƙa, ku tabbatar tana buɗuwa ga kowa kuma ba za ta mutu bayan wata biyu ba. Makon ƙarshe ba na sabon kod ba ne, na gwaji ne da rubuta bayani.

Sannan kafin ya tafi ku ba shi dalilin dawowa. Ku sa sunansa a sanarwar sabon siga, ku ba shi ikon duba facin wasu a ɓangaren da ya gina, ku tambaye shi ko zai taya jagoranci baɗi. Admin kuma ya buɗe fayil tun abin na da ɗumi ya rubuta wane aiki ne ya fi ƙarfin awonsa, wane jagora ne ya ji jiki, wace tambaya ce aka fi maimaitawa a Maris. Wannan fayil ɗin za ku buɗe a Nuwamba idan kun koma mataki na 1.